Sunan da Ke Ƙarshen Wasa

Kure, 8 ga Yuni, 1991

Ƙanena Isamu,

Damina ta kankama a nan, wanki ya ƙi bushewa. Da fatan kana lafiya a Osaka, kuma kana cin wani abu ban da taliyar leda mai zuba ruwan zafi. Baba yana nan ƙalau. Na san ba za ka tambaya ba, shi ya sa na faɗa maka. To gaisuwa ta ƙare, ka gyara zama.

Na'urarka ta wasan bidiyo ta iso. Mutanen kamfaninku suka sauke ta, suka ce wannan shi ne Tsatsar Taurari, wasan da ƙanenki ya shekara uku yana haɗawa, ki gwada shi a gidan wasanki zuwa ƙarshen wata, ki rubuta wa shugabanmu Kurahashi-san abin da kika gani. Suka ce a kan rahotona da na wani shago a Osaka za a yanke ko wasan ya fita kasuwa ko a binne shi. Kai kuwa ko layi ɗaya ba ka rubuto mini ba. Sai a bakin direba zan ji cewa wuyan ƙanena yana hannuna?

Na kafa ta a bakin ƙofa, wurin da ya fi ko'ina kyau. Bari in fara da yabo don kada ka ce ban da adalci. Jirgin saman da mai wasa yake tuƙawa yana bin hannu. Ka motsa sandar tuƙi kaɗan ya motsa kaɗan, ba ya zamewa, ba ya nauyi. Hatanaka-san mai kifi, wanda duk Kure babu wanda ya kai shi iya wasan harbi, ya ɗaga hannu daga sandar ya ce, "Wanda ya yi wannan tuƙin ya san aikinsa." Kiɗan mataki na biyu ya maƙale mini a kunne, har a wurin wanke-wanke nake tsintar kaina ina rera shi. Idan aka saki bam kuma, yadda gilashin na'urar yake yin fari fat, sauti ya ɗauke na ɗan numfashi ɗaya kafin komai ya tarwatse, wannan ya yi kyau, ban taɓa ganin irinsa ba.

Yanzu ka gaya mini, me mutane suka yi maka?

Mutum ya jefa tsabar yen ɗari, kafin ya gama gyara kujera an kashe shi. Ya saba cewa abokan gaba daga sama suke gangarowa, shi yana ƙasa yana harbi, sai ka turo masa wasu ta bayansa, daga gindin gilashi, babu gargaɗi. A mataki na uku, wurin da ake ƙera jirage a sararin sama, ka cika bango da tartsatsin walda ruwan lemo, sannan ka yi harsasan abokan gaba su ma ruwan lemo. Hatanaka ya mutu a nan ya juyo ya ce mini, "Tatsuko-san, wa ya harbe ni?"

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo bayan mutuwa. Mutum ya yi wahala ya tara makamansa, ya yi kuskure ɗaya, sai ka ƙwace komai, ka mayar da shi baya da 'yar bindigar farko wadda ko ƙuda ba za ta kashe ba, a tsakiyar ruwan wuta. Mutuwa ɗaya ta jawo ta biyu da ta uku. Mutane suna tashi da fuskar wanda aka yi wa fashi, kuma ba sa dawowa. Jiya da yamma shagon ya cika, ana layi a kan wasan dambe, kujerarka kuwa wani ya ɗora mata jikakkiyar lema.

Ka gyara shi tun kafin in ɗauki alƙalami. Ba zan yi maka ƙarya a rahoto ba.

Tambaya ɗaya kafin in rufe. Duk gidajen wasan da ke Japan, me ya sa ka zaɓi wanda Baba yake kwana a samansa?

Ka kula da jikinka a wannan danshi.

Yayarka,
Tatsuko

Osaka, 12 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Tatsuko,

Ina miƙa gaisuwa cikin wannan lokaci na ruwa, tare da fatan ciniki yana tafiya. Na karanta wasiƙarki, na kuma gode da yabon, duk da kin auna shi da ƙaramin cokali.

Yaya, ke kina sayar da wasa ne, ni nake yin sa. Abin da kike kira zalunci shi ne ƙashin bayan wasan. Wasan harbi ba gidan reno ba ne. Ana mutuwa, a koyi inda harsashi yake fitowa, a dawo a wuce. Waɗanda ke zuwa ta baya suna nan ne don su hukunta matsoracin da ya lafe a gindin gilashi ya ƙi matsawa gaba. Ƙwace makamai kuwa shi yake sa rai ya yi tsada. In mutuwa ba ta da zafi, me zai sa hannun mutum ya yi gumi? Duk mai wasa na gaske ya san darajar gama wasa da tsaba ɗaya, ba tare da ya ƙara wata ba, kuma don irin waɗannan mutanen na yi shi.

Batun tartsatsi ya ba ni dariya. Mu shida ne a ɗakin nan, babu wanda bai ganin harsasan. Ko matar da ke amsa mana waya tana wuce mataki na uku ba tare da ta saki bam ba. In gwanin Kure bai iya abin da mai amsa waya ta iya ba, sai ya koma kan kifinsa.

Ki san abin da ke gabana. Kurahashi-san bai taɓa son wannan wasa ba. Tun farko ya so a yi mai tafiya gefe, daga hagu zuwa dama, wai shi ake yayi. Na tsaya kai da fata na ce nawa sama zai miƙe, ba lanƙwasa. In gwajin nan ya faɗi, za a wargaza mu, a tura ni sashen da ake zana wasannin caca. Ban ce ki yi ƙarya ba. Na ce ki rubuta tuƙi da kiɗa da bam da manyan baƙi, sauran ki bar wa mutane su saba.

Game da tambayarki, kamfani yana buƙatar shago ɗaya a ƙaramin gari, naki na sani. Babu wani abu a ciki. Mutumin da kike magana a kansa ta matakalar baya yake hawa, ya rantse ba zai taka gidan hayaniya ba, to ina ruwansa da abin da ke bakin ƙofa? Shekara tara ke nan da ya gama magana da ni, ni ma na gama.

A gaida Hatanaka-san, a ce masa ya buɗe ido.

Naki cikin girmamawa,
Isamu

Kure, 16 ga Yuni

Isamu,

Ruwa bai tsaya ba, ni ma ban huce ba. Muna lafiya.

Mai amsa wayarku tana wuce mataki na uku, ka ce. Shekara nawa ta yi tana buga shi duk lokacin cin abincin rana? Ku shida kun rufe kanku a ɗaki ɗaya shekara uku, kun haddace inda kowane harsashi yake fitowa, kullum kuna ce wa juna wasan ya yi sauƙi, ku ƙara masa wuta. Ba ganin harsasan kuke yi ba, tuna su kuke yi. Ka samo mutum daga titi ka zaunar da shi, ka ɗaure hannunka a baya ka kalla.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka ce ina ruwan Baba da abin da ke bakin ƙofa. To saurara.

Ka san idan babu kowa a kan na'ura takan buga kanta don jan hankali. Ranar Talata da safe ina share gaban shago, Baba ya dawo daga sayen tofu, wato awara, zai wuce zuwa matakalar baya kamar kullum, sai na ga ya tsaya cak. Na'urar tana nuna mataki na uku, inda ka zana ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, don ka san yanar idonsa ta ƙaru. Ya daɗe a haka da ledar tofu a hannu, sannan ya ce, "Wannan ƙugiyar tamu ce. Ga ma lanƙwasar da ke wuyanta." Shekara talatin da wani abu yana walda a ƙarƙashinta a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ka ɗauka ba zai gane ta ba don ka rataye ta a cikin taurari?

Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce, "Ka san wanda ya yi." Ya juya ya hau sama.

Washegari Hatanaka ya shigo bayan ya tashi daga kasuwa, sai ga Baba ya sauko ya tsaya a bayansa, hannu a baya, kamar mai duba aikin yaro. Kai ka san Hatanaka da surutu. Ya ce, "Shiomi-san, ɗanka mugu ne, amma ya iya. Ka san in mutum ya gama wasan nan da tsaba ɗaya, sunayen waɗanda suka yi shi za su fito a ƙarshe?"

Baba ya ce, "Sunaye?"

"Sunaye, ɗaya bayan ɗaya, kamar a sinima."

"Kai ka gani?"

Hatanaka ya yi dariya ya ce, "Ni? Ko mataki na huɗu ban leƙa ba."

Baba ya ce, "To tashi, kana ɓata kujera."

Isamu, mahaifinmu mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ya ce wasan na'ura aikin marasa kunya ne, ya zauna a kujerarka. Ya riƙe sandar kamar zai yi mata walda. An kashe shi kafin ya gano wane maɓalli ne na harbi. Na kawo mabuɗi zan buɗe masa ya buga kyauta, ya harare ni ya ce shi ba ya cin aikin mutum a banza. Tun ranar, kowace safiya kafin in buɗe wa jama'a, yana saukowa da tsabarsa a aljihun riga. Yanzu yana kaiwa babban jirgin da ke ƙarshen mataki na farko. Nan ake kashe shi, ka ƙwace masa komai, ka mayar da shi baya, sauran rayukansa biyu su tafi kamar an hure kyandir. Sai ya yi tsaki ya ce, "Haka ake aiki?" ya sake jefa wata.

Ba zai kai ƙarshe ba, ni da kai mun sani. A ƙarshen wata kuma za a zo a ɗauke na'urar. In ba za ka sassauta don mutanen Kure ba, ka sassauta don tsohon da yake son ya karanta sunan ɗansa.

Yayarka da ke jiran amsa,
Tatsuko

Osaka, 19 ga Yuni

Yaya,

Ki yi haƙuri da rashin doguwar gaisuwa.

Ki tashe shi daga kan na'urata. Ki cire wayar daga bango in ya sauko, ki ce ta lalace, ki faɗi duk abin da kika ga dama.

Kin manta ne, ko kina so in tuna miki? Kina tsaye a bakin kicin ranar da na ce na bar makarantar injiniya zan tafi Osaka yin wasanni. Ya ce ni kaguwa ce, ban iya tafiya miƙe ba, kullum gefe-gefe. Ya ce in je, amma kada in kuskura in sa sunan Shiomi a kan wannan shirme, suna ne da aka buga a jikin jiragen ruwa. Ranar jana'izar Mama na tsaya a bayan ɗaki kamar ɗan aike, ya wuce ta gabana bai ɗaga ido ba. Yanzu ya ga ƙugiyarsa a gilashi sai ya tuna yana da ɗa?

Kuma wahalar banza yake yi. Babu Shiomi a ƙarshen wasan. Kamfanoni ba sa barin mu sa sunayenmu na gaskiya, don kada wani kamfani ya karanta ya zo ya janye musu ma'aikata. Kowa laƙabi yake zaɓa. Mai kiɗanmu ya sa Malam Barci. Ni na sa Gurguwar Kaguwa. Ya ba ni umarni, na bi. Ko da dokar kamfani ba ta hana ba, haka zan sa.

Ba zan rage harsashi ɗaya saboda shi ba. Shi ya koya mini cewa aiki ko dai ya tsaya ko ya faɗi, babu tsakiya. Tun ina firamare in na kawo maki tamanin sai ya tambaye ni ina ashirin. To ga jarrabawata, ya ci ko ya faɗi da hannunsa.

Ki daina jawo shi cikin maganar rahoto. Abu biyu ne daban.

Isamu

Kure, 23 ga Yuni

Zuwa ga Isamu Shiomi, ko Kaguwa, duk wanda ka fi so,

Ana ruwa. Muna raye. Gaisuwar da ka ba ni ita na mayar maka.

Ban cire waya ba, kuma ba zan cire ba. Shagona ne.

Na tuna ranar sarai, ba sai ka tuna mini ba. Abin da ya faɗa maka mugun abu ne, kuma na gaya masa haka a gabansa tun kana cikin jirgin ƙasa. Kai ka tafi da fushinka Osaka, ni aka bari da nasa. Ni na yi jinyar Mama, ni na binne mijina na riƙe shagonsa, ni nake dafa wa Baba abinci yana ce mini miya ta yi gishiri. Don haka kada ka koya mini halin mutumin nan daga nesa.

Ka ce abu biyu ne daban. Haba Isamu. Ka zauna ka dubi abin da ka gina. Wasa ne da in mutum ya yi kuskure ɗaya za a ƙwace masa duk abin da ya tara, a mayar da shi baya, a bar shi tsirara, babu hanyar gyarawa. Ana dukansa ta baya ba a gaya masa laifinsa ba. In ya yi ƙoƙari a ce bai isa ba. Ni na san wannan wasan, a gidanmu na girma. Ka shekara uku kana gina Baba da wayoyi, sannan ka aiko shi ƙarƙashin ɗakinsa, ka ce wai kamfani ne yake son ƙaramin gari. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ka gaje shi har ka zarce.

Na aika wa Kurahashi-san rahoto jiya, ban jira ƙarshen wata ba. Gara ka ji daga bakina. Na rubuta cewa tuƙi da kiɗa da bam sun fi na duk wasan harbin da ya taɓa shiga shagona. Na rubuta cewa harsasai suna ɓacewa cikin tartsatsi, ana kashe mutum ta baya, kuma wanda ya mutu sau ɗaya ya gama. Na rubuta cewa in an kawo mini shi a haka ba zan saya ba, in an gyara waɗannan zan sa shi a bakin ƙofa har ya tsufa. Na ce masa mutum biyu ne kawai a Kure suke komawa kansa, ɗaya mai kifi ne mai taurin kai, ɗaya kuma tsoho ne da ba don wasan yake zuwa ba.

Ka ji haushina yadda ka so. Da na lulluɓe maka, da wasan ya fita ya mutu a shaguna dubu maimakon ɗaya.

Ban gaya wa Baba zancen suna ba. Jiya ya wuce babban jirgin mataki na farko a karon farko. Bai yi murmushi ba, amma ya juyo ya duba ko na gani. Babban yatsansa ya kumbura, na ɗaure masa da tsumma.

Sai ka ga dama.

Tatsuko

Osaka, 30 ga Yuni

Yaya Tatsuko,

Da fatan ruwa ya fara sauƙi a wajenku. A nan ma haka.

Na rubuta miki wasiƙa biyu na yaga, don in kin karanta su ba za ki sake kirana ƙane ba. Har yanzu ina jin haushinki, ki sani.

Kurahashi-san ya karanta rahotonki a gaban mu shida, a tsaye. Rahoton shagon Osaka ma kusan haka ya ce, sai dai shi ya fi ki ladabi. Na ɗauka an gama da mu. Sai ya ajiye takardar ya ce mai shagon da ta yi wannan fushin ba ƙin wasan take yi ba. Ya ƙara mana lokaci zuwa tsakiyar Yuli, gwaji ɗaya tak, daga shi babu wani. Sannan ya sa aka kirawo wani mai kawo mana abinci, aka zaunar da shi a gaban na'ura, aka ce in tsaya a baya in yi shiru. Ba zan gaya miki abin da na gani ba, don kada ki ji daɗi.

A cikin kwalin nan akwai ƙwaƙwalwar wasan sabuwa, 'yan baƙaƙen nan masu ƙafafu kamar shanshani. Ki cire tsofaffin ki sa su yadda na zana a murfi. Harsasai yanzu shuɗi ne mai haske. Masu zuwa ta baya suna nan, amma kibiya tana walƙiya kafin su fito. In an kashe mutum zai tashi a inda ya faɗi, makamansa su watse a gilashi, in ya yi sauri ya tsince rabi. Rabi na ce, ba duka ba. Mataki na biyar ban taɓa shi ba, kuma ba zan taɓa ba.

Don Kurahashi-san na yi, ba don kowa ba. Sunan ƙarshe yana nan yadda yake.

Akwai maganin shafawa a ƙasan kwalin, irin wanda muke amfani da shi a nan. Tsumma ba ya sauke kumburin yatsa. Ba sai kin ce daga ina ya fito ba.

Ƙanenki,
Isamu

Kure, 14 ga Yuli

Ƙanena,

Damina ta ɗauke, zafi ya sauka da ƙarfinsa. Da fatan kana shan ruwa.

Kujerarka ba ta yin sanyi yanzu, kuma haka na rubuta wa Kurahashi-san. Ana mutuwa a zagi na'ura, a sake laluben aljihu. Mataki na biyar har yanzu ramin mugunta ne, amma na bar maka shi.

Baba ya kai mataki na uku da hannunsa, ya tsaya nan. Idonsa ba zai kai shi gaba ba. Hatanaka kuwa ya fara leƙa ƙarshe yana faɗuwa, don in wuta ta yi yawa hankalinsa yana kan kaucewa, sai ya manta da bam. Shekaranjiya da safe ya ce, "Shiomi-san, ni ina da ido ba ni da haƙuri, kai kana da haƙuri ba ka da ido. Matso da kujera." Baba ya ce wannan maguɗi ne. Hatanaka ya ce, "Jirgi ɗaya, tsaba ɗaya. Ka taɓa ganin jirgin ruwan da mutum ɗaya ya ƙera?" Baba ya yi tunani, ya jawo kujera, ya ce amma tsabar tasa ce.

Hatanaka a kan sanda, Baba a kan harbi da bam, kafaɗa da kafaɗa, suna zagin juna. "Yanzu, tsoho, yanzu." "Rufe mini baki, na gani." Ranar farko suka faɗi a mataki na biyar. Yau da safe suka wuce da rai ɗaya.

Kiɗa ya sauya, sunaye suka fara hawa. Baba ya tashi tsaye ya manna fuska a gilashi yana karantawa da leɓe. Malam Barci ya wuce, wasu suka wuce. Ya ce, "Ina nasa?" Na rasa inda zan sa kaina, na ɗora yatsa a kan Gurguwar Kaguwa. Ya bi shi da ido har ya fice ta sama. Hatanaka, mai surutun nan, ya tashi ya tafi ko sallama babu.

Baba ya sa takalmi ya fita, ya dawo da katin gidan waya, ya hau sama ya rufe ƙofa. Da ya sauko ya ba ni shi a kife ya ce in haɗa da tawa. Ban karanta ba. In abin da ke ciki mai zafi ne, ni na jawo, ka yafe mini.

Yayarka,
Tatsuko

Kure, 14 ga Yuli

Isamu,

Zafi ya shigo. Ka kula da jikinka.

Na kai ƙarshe. Ƙugiyar ta fito daidai. Mataki na biyar zalunci ne.

Ni ban haifi kaguwa ba. Ka gaya wa shugabanku a goge wannan, a rubuta Shiomi. In ya ƙi, ka zo da kanka ranar Obon, bikin tuna mamata, ka yi mini bayani.

Ubanka